Zaren da Ke Cikin Fatata

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Yau ba da fara'a na zo muku ba, gara in faɗa tun daga bakin ƙofa. Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa ina ja wa Injiniya rai, wai idan na yi sake wata za ta yi wuf da shi, na ga saƙonki, na gode. Ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki sake min faɗan idan kin ga da hali.

Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga ni a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida. Daga ni sai Umma muke zaune, domin Baba ya rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya, yayyena maza biyu kuma kowa ya kama gabansa da iyalinsa. Ina aiki a ɗakin bincike na wata jami'a. Injiniya shi ne mutumin da ya shekara guda cur yana sintiri a ƙofar gidanmu, ranar Asabar ɗin nan kuma manyansa za su zo su gana da namu. Ina son sa, so mai tsanani. Na faɗa a fili ne don kada wani ya ɗauka tura ni ake yi.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikina, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya hana ni cin abinci kwana huɗu ba. Jikin mutum an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, mu a wurin aiki sel muke ce musu. Kowace sel tana da nata ƙwarangwal a ciki, ba na ƙashi ba, na wasu siraran zaruruwa ne da suka ɗaure ta daga wannan gefe zuwa wancan. Su ke ba ta siffa, su ke riƙe ta a inda Allah ya ajiye ta. Akwai kuma wasu ƙwayoyin gado a cikin sel ɗin waɗanda idan suka ɓaci suke haddasa ciwon daji, wato kansa. Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta ta shekara ashirin tana bin diddigin abu ɗaya: me ɓatacciyar ƙwayar gado take yi wa zaren nan?

Muna renon sel a ƙananan farantai masu murfi, cikin wani akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum. Rabi mu saka musu ɓatacciyar ƙwayar gadon, rabi mu bar su lafiyayyu don mu samu abin kwatantawa. Sai mu shafa musu koren rini, mu shiga ɗakin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, mu kashe fitila mu leƙa. Lafiyayyar sel za ka gan ta a shimfiɗe hankalinta kwance, zarenta a miƙe sambal, layi bayan layi. Wadda aka saka wa abin kuwa, zaren ya tsittsinke, ta dunƙule, gefenta ya tattare kamar bakin siket, ta saki mazauninta ta fara rarrafe a kan 'yan uwanta. Da irin wannan rarrafen ciwon yake tashi daga inda ya fara ya shiga wani wuri a jiki.

Ranar da na fara nuna wa Injiniya hotunan a wayata, na ɗauka hamma zai yi, kamar yadda Umma take yi. Sai ya karɓi wayar ya ƙura ido.

"Ashe ku ma rodi kuke dubawa," ya ce. "Wannan an ɗaure rodinta da kyau. Wannan kuwa ko ni ba zan bari a zuba mata kankare ba."

Tun daga ranar abin ya zame mana wasa. In tura masa hoto yana wurin gini, hular kwano a kansa, ya duba ya ce mai lafiya ko marar lafiya. Hoto talatin da uku na tura masa, bai taɓa faɗuwa ba. Har cika baki yake yi, wai idan gini ya gagara zai zo Farfesa ta ɗauke shi aiki ta sallame ni.

To ga inda muka tafka kuskuren, ni da Anti. Anti ita ce ma'aikaciya mafi daɗewa a ɗakin, 'yar gajeruwa mai tabarau da igiya, wadda take kiran sel "'ya'yana", tana yi musu magana idan tana canza musu ruwa. Wata biyu da suka wuce, Farfesa ta yi tafiya, akwatin ɗumin da lafiyayyun sel ɗinmu suke ciki ya mutu ranar Asabar, ba wanda ya sani sai Litinin. Muka tarar duk sun mace suna yawo a saman ruwa. Kafin a aiko mana da wasu sai an yi watanni, aikina kuma ba ya tafiya sai da abin kwatantawa. Na zauna a kan kujera mai taya na rushe da kuka.

Anti ta dube ni ta saman tabarau. "Ke, share hawayenki. A zamaninmu da wa muke jira? Fatarmu muke ɗiba mu rena. Ga ki nan jawur da ke, ko mura ba kya yi, wa ya fi ki lafiya?"

"Anti, ba an hana ba?"

"An hana abubuwa da yawa. Naɗe hannun rigar."

Ta yi min allurar kashe zafi, ta ɗebi fata daga cikin damtsena, bai fi kan ashana girma ba. Sati shida muna lallaɓa su har suka cika faranti. Da hannuna na rubuta a murfin: lafiyayyu. Ku riƙe wannan, domin abin da mutum ya riga ya rubuta wa "lafiyayye" ba ya leƙa shi da idon neman ciwo.

Ranar Litinin ɗin nan da safe na shafa musu rini a karo na farko. Da suka haska a fuskar kwamfuta, kore shar, ɗoki ya kama ni. Ni ce fa wannan. Na ɗauki hoton da wayata a gurguje, don Anti tana ta ƙwanƙwasa ƙofa tana son ɗakin. Da azahar ina zaune a benci bayan ginin, na cire farar rigar aiki na ninke a cinya, saƙon Injiniya ya shigo.

"Malamar madubi, yayata ta hana ni sakat sai ta ga hotonki kafin Asabar. Turo mai kyau, ba irin wanda kike haɗe rai ba."

Na yi murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu. Na tura masa koren hoton na rubuta a ƙasa: "Ga hoton da ba wanda ya taɓa gani. Wannan ni ce, har cikin fata. Sel ɗina ne na kaina."

Bai yi minti ɗaya ba ya amsa.

"Hhh, so kike ki kama ni. Wannan ai marar lafiya ce. Rodin duk a tsittsinke, ga gefen ya tattare. Talatin da huɗu kenan ban faɗi ba. Turo naki na gaskiya."

Na fara rubuta masa cewa yau dai ya sha ƙasa. Kafin in tura na ce bari in buɗe hoton in ja shi da yatsa biyu, in nuna masa zaren da bai gani ba. Na ja. Na ƙara ja. Babu zare. Wasu guntaye ne kawai a warwatse, sel ɗin sun dunƙule, gefensu ya tattare, biyu ma sun hau kan na kusa da su. Da a faranti na wani na ga wannan, ko tunani ba zan tsaya yi ba zan rubuta marar lafiya.

Na goge abin da na rubuta. Na tura masa kalma uku: "Bari in duba."

Da gudu na koma ciki, ko rigar ban ɓalla maɓallinta ba. Anti ta leƙa madubin ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta hau faɗa, faɗan da na san na tsoro ne.

"Garin rawar kanki kin haɗa su da na ciwon. Bututu ɗaya kika tsoma nan kika tsoma can. Sau nawa zan ce a riƙa canza bakin bututun?"

"Ban taɓa buɗe su rana ɗaya ba, Anti."

"Kowa haka yake cewa."

Amma akwai faranti guda da Anti ta ware tun farko ta ajiye a ɗaya akwatin, ita kaɗai take taɓa shi, bai taɓa kusantar na ciwon ba. Ranar Talata ita da kanta ta shafa masa rini, ni ina tsaye a bayanta na rungume hannuwa, sanyin ɗakin yana ratsa ni har ƙashi. Hoton ya fito. Iri ɗaya ne da na Litinin. Ta cire safar hannunta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta jefa a kwandon shara, ta ce, "Gobe Farfesa za ta shigo. Ni zan fara magana."

A gida kuwa duniya sabuwa ake yi. Umma ta sauke labulen falo ta wanke, ta sa an zo an gyara ƙafar kujerar da ta shekara uku tana ɗingishi, ta fito da kofunan gilashin da tun rasuwar Baba suke cikin kwali. Ina shigowa za ta tare ni da tambaya, wane mayafi ne ya fi shiga da doguwar rigar da zan saka ranar Asabar, mai ruwan toka ko mai ruwan zuma. In ce duk wanda ta zaɓa. Ta ce wai tun yanzu na fara kunya. Injiniya kuma safe da yamma sai ya gaishe ni, daga ƙarshe ya ƙara da, "Har yanzu ana dubawa?" In tura masa hoton fuska mai murmushi. Wallahi na tsani kaina a duk lokacin da na danna wannan fuskar.

Laraba da hantsi muka tsaya gaban teburin Farfesa kamar ɗaliban da aka kama da satar amsa. Doguwar mace ce, ba ta ɗaga murya, kuma da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta saurari Anti har ta gama.

"Shekara nawa kina aikin nan?" ta tambaye ta.

"Ashirin da biyu, ranki ya daɗe."

"Kin san dalilin da ya sa aka hana mutum ya reni sel ɗinsa a ɗakin da ake taɓa ƙwayar ciwo. Idan suka ɓaci, suka koma jikinta ta ɗan ƙwarzane, jikin ba zai yaƙe su ba, don yana ganin nasa ne. Kin sani."

"Na sani."

"Je ki. Za mu yi magana."

Da Anti ta fita, Farfesa ta jawo kwamfutar gabanta ta yi ta duba hotunan, na Litinin da na Talata. Ni kuma na zuba wa agogon bangonta ido.

"Zauna," ta ce. "Ki saurare ni da kyau, kada ki ƙara wa maganata gishiri. Wannan hoton ba gwajin asibiti ba ne. Babu likitan da zai ce kina da ciwo saboda shi. Sel suna iya gajiya a faranti su yi haka. Ruwan renon yana iya zama da matsala. Kin ji?"

"Na ji."

"Ƙwayar da muke sakawa a faranti ba irin wadda ake gada ba ce. Amma akwai wasu da ake gada daga uwa ko uba, mutum ya zo duniya da su, kuma cikinsu akwai masu taɓa zaren nan. Don haka zan tambaye ki. A danginku akwai wanda ya yi kansa?"

"Babu," na ce da sauri. Sai kuma bakina ya ci gaba shi kaɗai. "Babana dai ciwon ciki ne ya yi ajalinsa."

"Wane irin ciwon ciki?"

"Haka kawai ake cewa a gida."

"Yana da shekara nawa?"

"Arba'in da huɗu."

"Akwai wani?"

Gwaggo ta faɗo min a rai, ƙanwar Baba, mai yawan dariya, wadda ta rame cikin wata biyar har zobenta yana zamewa daga yatsa.

"Ƙanwarsa. Ita ma ciwon ciki. Ba ta kai arba'in ba."

Farfesa ta cire tabaranta ta ajiye a kan takarda. Shekara uku ina aiki da matar nan, ban taɓa ganin idonta ba gilashi ba sai ranar.

"'Yata," ta ce, kalmar da ba ta taɓa kirana da ita ba, "ki manta da hoton. Abin da kika faɗa min yanzu, ko babu hoto, ya isa a ɗebi jininki a duba, a kuma leƙa hanjinki. Ke da yayyenki duka. Idan ma akwai abin, wanda aka gano da wuri ana tare shi. Wanda aka ɓoye shi ne yake kisa."

"Sakamakon zai fito kafin Asabar?"

"Me ake yi ranar Asabar?"

Na gaya mata. Ta mayar da tabaranta.

"Ba kafin wannan Asabar ba, ba kafin ta gaba ba. Makonni ne. Ki je ki tambayi mahaifiyarki sunan ciwon, likita zai buƙace shi."

Kwana na yi ina juya yadda zan tunkari Umma. Yau Alhamis na dawo daga aiki bayan la'asar, na same ta a ɗakina tana guga. Ta shimfiɗa doguwar rigar a kan gadona, mayafi mai ruwan zuma ne ya yi nasara, ga takalmi a ƙasa an jera, ga 'yan kunnenta na zinariya da ta ce ranar kaɗai za ta ara min. Ɗakin yana ta ƙamshin sabon yadi da tururin dutsen guga. Tana 'yar waƙarta a ciki-ciki. Rabon da in ji Umma tana waƙa har na manta.

Na ajiye jaka na zauna a bakin gado.

"Kada ki zauna min a kan mayafi."

"Umma, me ya kashe Baba?"

Dutsen gugar ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"Kwanansa ne ya ƙare."

"Wane ciwo ne?"

"Ciwon ciki na ce miki tun kina yarinya. Yau kuma me ya tayar da maganar?"

"Kansar hanji ce?"

Ta kafa dutsen a tsaye, ta zare wayarsa daga bango, ta je ta tura ƙofa ta rufe, alhali daga ni sai ita a gidan. A nan na sha jinin jikina. Ta dawo ta tsaya a kaina.

"Wa ya gaya miki?"

Na ba ta labari tun daga akwatin da ya mutu. Na nuna mata ɗan tabon da ke damtsena, na nuna mata hoton, na gaya mata abin da Farfesa ta ce. Ko kallon hoton ba ta yi ba. Abu ɗaya kawai ta tsinta a cikin maganar.

"Shi yaron ya ga wannan abin?"

"Shi ya fara ganewa."

"Innalillahi." Ta zauna a kan kujerar madubi. "Kin kashe ni, Auta. Shekara goma sha biyar ina rufe bakin nan, ke kuma kin ɗauka kin tura a waya."

"Ashe gaskiya ne."

"Gaskiya ne. Shi da Gwaggonki, da mahaifiyarsu ma, ita a lokacin ba a san sunansa ba. Likitan da ya duba Babanku ya ce idan kun girma in kawo ku a duba ku. Har takarda ya rubuta min."

"Tana ina?"

"Na ƙona ta."

Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Ban taɓa jin haushin Umma irin na wannan lokacin ba.

"Kika ƙona? Umma, Yaya Babba shekararsa talatin da takwas. 'Ya'yansa uku."

"Kada ki ɗaga min murya." Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta girgiza ba. "Ke kin san abin da na gani? Mijin Gwaggonki ya bi maganar likita, ya kwashi 'ya'yansa mata uku ya kai asibiti, magana ta fita. Yau ina suke? Babbar ta haura talatin da biyar. Kyau ne ba su da shi, ko hankali? Duk wanda ya zo, sai wata ta ja uwarsa gefe ta ce gidan masu ciwon nan ne. Shi kenan, ko sallama ba ya dawowa yi. Ni na zaɓi in ga nawa sun yi aure. Biyu sun yi, ke kika rage."

"In kuma ina ɗauke da shi fa? In na haifa masa 'ya'ya da shi?"

"Ita Farfesar taki ta ce kina da shi?"

"Ta ce ba a sani ba tukuna."

"To a kan abin da ba a sani ba za ki rushe abin da aka sani? Ki bari a yi Asabar, a yi abin da za a yi. Bayan nan ki je duk asibitin da kike so, ni zan raka ki."

"Bayan ya riga ya shiga, kenan."

"Bayan ya zama mijinki. Miji yana haƙuri da abin da saurayi ba ya haƙuri da shi."

Wayata ta yi ƙara a kan gado, kusa da 'yan kunnen. Mu biyu muka kalle ta. Shi ne.

"Kwana huɗu ana duba hoto ɗaya? Malama, hankalina fa ba a kwance yake ba."

Umma ta karanta ta saman kafaɗata. Ta riƙo hannuna, tafinta da zafin guga.

"Kina da na masu lafiya a wayar nan?"

Ina da su, fiye da ɗari, na tsofaffin sel ɗinmu da suka mutu a akwati, na wani bawan Allah da ban san ko waye ba.

"Umma, ƙarya ce fa."

"Ni zan ɗauki zunubin. Ki ce kuskure kika yi. Auta, dube ni. Ban taɓa roƙonki komai ba. Na binne ubanku ina da shekara arba'in, ban sake aure ba saboda ku. Kada ki sa in zauna ranar Asabar in ga kujerun nan ba kowa."

Ga inda za ku zage ni, kuma ba zan hana ku ba. Zan iya cewa Umma ce ta sa ni, amma ba ita ta riƙe yatsana ba. Tsoro ne ya kama ni. Na hango shi yana gaishe ni a hanya daga nesa, irin gaisuwar mutanen da suka taɓa sanin juna, na ji ba zan iya ba. Na buɗe hotuna, na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, zarensa a miƙe kamar an ja da rula. Na rubuta: "Yi haƙuri, aiki ne ya sha min kai. Ka yi gaskiya, wancan na marasa lafiya ne, hannuna ne ya kuskure. Ga nawa." Na tura.

Umma ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa kaina, ta mayar da wayar dutsen guga cikin bango.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Sai na ga yana ɗaukar murya. Ya daɗe yana ɗauka. Da saƙon ya shigo, minti biyu da 'yan daƙiƙu, na kara wayar a kunne don kada Umma ta ji. Ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa, sannan ƙarar ta yi nisa, alamar ya koma gefe.

"Alhamdulillah," ya ce, ya ja numfashi. "Malama, kin wahalar da ni. Bari in gaya miki gaskiya tunda abin ya wuce. Tun ranar Litinin da kika ce bari ki duba, na san ba lafiya ba, don ke ba kya duba abu sau biyu. Ba wanda na gaya wa, ko yayata. Na yi ta karance-karance a waya, rabi ban gane ba. Jiya ina kan bene na uku na yanke shawara. Na ce idan naki ne, Asabar ba za a ɗaga ta ba ko da awa ɗaya. Litinin kuma in zo in ɗauke ki mu je asibiti tare, duk abin da aka gani namu ne mu biyu. Har hutun ranar na nema, an ba ni. Jira kawai nake ki faɗa min da bakinki."

Ban san lokacin da na zame na zauna a ƙasa ba. Mutumin nan kwana huɗu yana tsaye da hannu a buɗe, ni kuma na ɗauki ƙarya na ɗora masa a kai. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ni.

"Me ya ce?" Umma ta tambaya, tana bin hannun rigar da dutse.

"Ya ce alhamdulillah."

"Kin gani ko."

Wayar ta sake motsi a hannuna. Wannan karon rubutu ne, layi biyu.

"Abu ɗaya ya rage, don in samu in yi barci yau. Kafin in je in soke hutun Litinin, ki ce min wallahi wannan na biyun shi ne naki."

Tun ɗazu nake kallon layin nan. Na shigo nan na rubuta muku duk wannan ne don hannuna ya samu abin yi. Sunansa yana nan a sama, yana kan layi, bai sauka ba. Umma ta gama guga, ta rataye rigar a jikin ƙofa, ta juyo ta ga fuskata, ta miƙo hannu.

"Mu gani," ta ce. "Me kuma yake so?"